Alaƙar Lafiyar Baki da Gigin Tsufa

A unguwar Briqueterie da ke Yawunde, inda Hausawa suka yi suna wajen tsire da kilishi, dattijon da haƙoransa suka zube ya san abin da ya rasa. Sai dai asarar ta wuce tauna. Masana sun lura cewa ciwon dasashi da zubewar haƙora kan tafi tare da gigin tsufa. Wani bincike na 2019 ya gano alamun ƙwayar Porphyromonas gingivalis, mai ɓata dasashi, cikin ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi cutar Alzheimer. Alaƙar ta fuska biyu ce: ana zaton daɗaɗɗen kumburin dasashi na taɓa ƙwaƙwalwa, mai mantuwa kuwa yakan bar asuwaki. Saboda haka, kula da bakin tsoho ya rataya a wuyan iyalinsa.