Gwajin Jinin da Ke Tona Cutar da Ta Ɓuya a Jikin Saniya

Tari, majina, zazzaɓi, saniya ta sunkuyar da kai ta ƙi kiwo. Makiyayi zai ce ciwon huhu ne, ya nemi allura. Amma alamun nan ba na cuta ɗaya ba ne. Ciwon huhun da makiyaya suka fi tsoro bakteriya ce ke kawo shi, sai dai akwai bairos da dama masu kama hanyar numfashin shanu, kuma maganin bakteriya ba ya kashe ko ɗaya daga cikinsu.

Mafi wuyar sha'ani a cikinsu shi ne mai haddasa cutar IBR. Saniya ta warke, ta yi ƙiba, amma bairos ɗin yana nan kwance a jijiyoyin kanta har ta mutu. Ranar da ta sha wahala, ko ta haihuwa ko ta doguwar tafiya a tirela, sai ya farka ya bi majina ya shiga garke. Yana kuma sa ɓari.

A da, kafin a gwada jini sai an raini bairos mai rai a ɗakin gwaji, aiki mai tsada da jinkiri. Yanzu masana kan ciro umarnin gadon da ke ƙera furotin guda na bairos ɗin, su dasa shi a bakteriyar E. coli ko a ƙwayoyin halittar ƙwari, su kuwa su yi ta ƙera furotin ɗin. Ba ya sa cuta. Ana shafa shi a gindin ramukan wani ɗan faranti mai rami 96, a ɗiga ruwan jinin saniya. In jikinta ya taɓa yaƙar bairos ɗin, sinadaran garkuwarta za su maƙale wa furotin, launi ya bayyana hakan. Sunan gwajin ELISA.

Inda abin ya fi burge ni shi ne dabarar Turawa. Sun ƙera allurar rigakafin da aka cire mata furotin ɗaya mai suna gE. Saniyar da aka yi wa allurar ba ta da garkuwar gE, wadda ta kamu da cutar kuwa tana da ita. Da haka aka riƙa tsame masu ɓoyayyar cuta ba tare da an daina rigakafi ba, har Jamus ta samu shaidar kawar da IBR a 2017.

Gwajin yana da iyaka. Garkuwa kan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ta bayyana, maraƙi kuma yana samun ta uwarsa ta dakashi, don haka sai likitan dabbobi ya fassara sakamakon.

Najeriya tana da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom tun 1924. Ya kamata a ba ta kuɗi da kayan aikin ƙera irin waɗannan furotin a gida, domin a iya gwada bijimi kafin a saye shi a saka cikin garke.