Alƙalamin da ba ya shan tawada

Duk wanda ya taɓa gwada sa hannu a takarda ta cikin kwamfuta da maus ya san abin kunyar da ke fitowa. Mutum ne mai kyan rubutu, amma sai ka ga sunansa ya fito a karkace yana kakkarwa. Laifin ba na hannunsa ba ne. An ƙera maus don nuna abu da danna shi, kuma tafin hannu ne ke tura shi, alhali gwanintar rubutu da zane tana cikin yatsu ukun nan da muka saba riƙe alƙalami da su tun muna yara.

Allon zane aka yi don maganin wannan matsala. Wani shimfiɗaɗɗen faranti ne na roba, galibi baƙi, mara kauri, yana zuwa da alƙalaminsa, ana jona shi da kwamfuta ta USB ko Bluetooth. Wanda ya fara ganinsa yakan yi turus, domin mafi yawansu ba sa nuna komai. Kana jan layi a kan allon, layin yana bayyana can a fuskar kwamfuta.

Maus bai san inda yake a kan tebur ba. Tafiyar da ya yi kaɗai yake kai wa kwamfuta rahoto, shi ya sa kake ɗaga shi ka dawo da shi baya ka sake turawa. Allon zane kuwa kowane wuri a kansa yana da takwaransa a fuskar kwamfuta. Ka ɗora alƙalami a kusurwar sama ta hagu, 'yar kibiyar nan ta dira a kusurwar sama ta hagu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne alƙalamin yana jin ƙarfin dannawarka. Ka shafa a hankali, layi ya fito siriri, dishi-dishi. Ka danna, ya yi kauri ya yi duhu. Da yawansu suna kuma jin yadda ka kwantar da alƙalamin, har zuwa wajen digiri 60, ta yadda za ka yi inuwa da gefensa kamar yadda ake yi da fensir. Rayuwar zane tana cikin wannan kaurin da sirantar, kuma shi ne abin da maus ba zai taɓa ba ka ba.

Tambayar da mutane suka fi yi ita ce: ina batirin alƙalamin? Yawancin na yanzu ba su da shi. A ƙarƙashin fuskar allon akwai ragar wayoyi sirara, wasu a tsaye wasu a kwance. Suna aika wani ɗan ƙarfin maganaɗisu sama, wani naɗin waya da ke cikin alƙalamin ya kama shi ya mayar da amsa, allon ya yi shiru ya saurara. Wayoyin da suka fi jin amsar da ƙarfi su ke nuna inda alƙalamin yake, yanayin amsar kuma ya nuna yadda aka danna tsininsa. Ana wannan kai-komo sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa allon ke ganin alƙalami tun bai taɓa shi ba, daga tazarar kusan santimita ɗaya, kuma shi ya sa za ka iya kwantar da hannunka a kai ba tare da ya ɓata maka aiki ba. Ba fatarka yake saurare ba.

Dabarar ta daɗe fiye da yadda ake zato. Tun 1888 wani Ba'amurke, Elisha Gray, ya yi rajistar na'urar da ke aika rubutun hannu ta wayar tangaraho. A 1964 cibiyar RAND da ke Amurka ta fito da allon da ke shigar da zane cikin kwamfuta, amma kayan manyan cibiyoyin bincike ne, ba na mutum ɗaya ba. A 1983 aka samu KoalaPad na kwamfutocin gida, kuma a shekarar ce aka kafa kamfanin Wacom a Japan, wanda kafin ƙarshen shekarun 1980 ya fito da alƙalami mara igiya mara batir. Wacom ya daɗe yana cin karensa babu babbaka a wannan kasuwa, da jerin Intuos da ya fara a 1998, da Cintiq mai fuskar da ake zane kai tsaye a kanta a 2001. Daga baya kamfanoni irin su Huion da XP-Pen da Gaomon, waɗanda ke ƙera kayansu a China, suka shigo da farashi mai sauƙi. Alƙalumansu na farko sai da caji ko batir, yanzu su ma sun rabu da wannan. Wannan gasar ce ta sa ɗalibi zai iya mallakar allo a yau.

Idan ka je saye, iri uku za ka tarar: mara fuska da muka fara bayyanawa, mai fuska, wanda shi ma sai an jona shi da kwamfuta, sai wanda shi kansa kwamfuta ne, kamar iPad da Apple Pencil ɗinsa da ya fito a 2015, ko allunan Samsung masu S Pen. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: mai koyo ya fara da mara fuska. An ce araha ba ta ado, amma a wannan harka karin maganar ba ta ci ba. Mara fuska ya fi ƙarko, ba gilashin da zai fashe, 'yar wutar da yake ja daga kwamfutar ta ishe shi, abin da duk mai fama da ɗauke wuta zai gane darajarsa. Da yawansu ma suna aiki da wayar Android idan aka sa musu ɗan mahaɗin OTG. Ga shi kuma yana sa ka zauna a miƙe kana kallon gabanka, maimakon ka duƙufa a kan gilashi wuyanka na tsami.

Lambobin da ke jikin kwali kuma kada su ruɗe ka. Za ka ga an rubuta matakan dannawa 4,096 ko 8,192, yanzu har da 16,384. An yi shekaru ƙwararru suna cin abinci da allo mai matakai 1,024, kuma ba na jin akwai hannun da zai bambance maka 8,192 da ninkinsa. Abin da hannu ke ji shi ne ko alƙalamin yana kama shafa mara nauyi, ko sai an danna kafin ya farka. Girman allon ma ya fi lambobin nan tasiri. Ƙarami, mai wajen inci 6 da 4, yana tilasta maka zane da wuyan hannu kaɗai, kuma idan fuskar kwamfutarka babba ce ɗan motsi kaɗan zai zama dogon layi. Matsakaici, wajen inci 10 da 6, yana ba gwiwar hannu wurin sakewa.

To, an saya an kawo gida. Nan ne akasarin mutane ke karaya, kuma saboda wannan gaɓar ce na ɗauki alƙalami. Tun da ka fara rubutu a duniya idonka yana inda hannunka yake. Yau an raba su: hannu na ƙasa, ido na sama. Ka nufi hancin mutum ka sauka a kumatunsa. Ka ja layi don ya haɗu da wani, su saɓa. Sai zuciya ta raya maka cewa an cuce ka, ko dama can ba ka iya ba, allon ya koma cikin kwalinsa a saman kabad. Alhali direban mota ma ba ya kallon sitiyari. Titi yake kallo, hannu na aikinsa, kuma ba ranar farko ya kai ga haka ba. Hanya mafi sauri ita ce ka ɓoye maus gaba ɗaya na wani ɗan lokaci, ka riƙa yin komai da alƙalamin, har buɗe fayil da yawo a intanet. Kafin ka soma zane kuma ka cika shafi da da'irori, ka ɗiga ɗigo biyu nesa da juna ka haɗa su da jan hannu ɗaya, ka ja layin da ya faro siriri ya kumbura ya sake tsukewa. Aiki ne mai gundura, amma shi ke sulhunta ido da hannu.

Sau da yawa ma ba hannun ba ne, saiti ne. Wasu suna jona allo su fara aiki ba tare da sun sauke manhajar da ke tafiyar da shi daga shafin kamfanin ba, wadda ake kira direba, sai alƙalamin ya ƙi jin dannawa, su ce jabu aka ba su. Wasu kuma siffar allonsu ba ta yi daidai da ta fuskar kwamfutarsu ba, sai su zana da'ira ta fito ƙwai. A cikin direban akwai wurin daidaita wannan, ka danna shi tun ranar farko. Ka ajiye allon daidai gaban fuskar kwamfutar, ba a gefe a karkace ba. Idan kana jin sai ka yi da gaske kafin layi ya yi kauri, a nan ma za ka sassauta shi. Idan santsin allon ya dame ka, manna farar takarda a kai. Siginar tana ratsa ta, sai dai tsinin zai fi saurin cinyewa.

Manhajar zane ba sai ta kuɗi ba. Photoshop tun 2013 ta koma biyan haya wata-wata, abin da ke da nauyi ga mai samun kuɗinsa da naira ko sefa, satacciyarta kuma takan zo da ƙwayar cutar kwamfuta. Krita kyauta ce halak malak, kuma da ita mai zanen nan na Faransa, David Revoy, ke yin labarinsa na Pepper&Carrot da ake karantawa a harsuna da dama. Masu labari cikin zane sun fi son Clip Studio Paint ta Japan, masu iPad suna da Procreate, masu waya kuma ibisPaint.

Bari mu leƙa aikin da kansa. A ce an ba ka zanen mai shayi don littafin yara. Ka buɗe shafi, ka zayyana shi sama-sama da shuɗi mai haske: tsayuwarsa, hannun da ya ɗaga kofi sama, shayin da ke zubowa cikin ɗaya kofin, tulin burodi da gwangwanayen madara a kan tebur. Sai ka ɗora wani shafi mai ganin ciki a kai, wanda masu sana'ar ke kira leya, ka bi zayyanar da baƙin layi tsaf. Ka kashe shuɗin, ya ɓace. Launi ya samu tasa leyar a ƙarƙashin layin, inuwa tata, tururin shayi tasa. Gobe marubucin ya kira ya ce rigar nan kore yake so ba ja ba, kuma a matsar da mutumin hagu don rubutu ya samu wuri. A takarda wannan sabon aiki ne daga tushe. A nan 'yan mintuna ne.

Wannan sauƙin yana da nasa tarkon. Maɓallan Ctrl da Z suna goge kuskure nan take, sai mai koyo ya saba jan layi ɗaya sau ashirin yana jiran sa'a, maimakon ya koyi jansa daidai. Zuƙo hoto ma haka: za ka ɓata awa guda kana gyaran gashin ido wanda in an buga littafin ba mai ganinsa. Shi ya sa nake ganin bai kamata kowa ya jefar da fensir da littafin zanensa ba. David Hockney na Ingila ya haura shekara 70 lokacin da ya rungumi iPad a 2010, har ya tsara tagar gilashi ta majami'ar Westminster a kai, aka ƙaddamar da ita a 2018. Amma ya zo wa na'urar ne da ido da hannun da suka yi rabin ƙarni suna aiki. Manhajojin da ke ƙirƙiro hoto daga umarnin rubutu, waɗanda suka bazu tun 2022, sun ƙara wa wannan magana nauyi. Suna iya fitar da hoto mai ƙyalli, amma ka nemi aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko naɗin rawani mai kunnuwa biyu, ka ga yadda suke kwaɓawa. Wanda ya san abin da idonsa kuma hannunsa ya iya, shi zai zana shi daidai.

Sai batun bugawa, inda ake yawan samun saɓani da mai maɗaba'a. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Injin bugawa da tawada huɗu yake yi. Shuɗin da ke walƙiya a gabanka zai iya fitowa a dushe a takarda, don haka ka nemi gwajin shafi ɗaya kafin a buga dubu. Ka kuma buɗe shafinka da girma tun farko: takardar A4 a ɗigo 300 cikin kowane inci tana nufin ɗigo 2,480 da 3,508. Hoton da aka fara ƙarami ba ya girma sai ya farfashe.

Ba masu zane kaɗai ke morar allon ba. Mai gyaran hotunan biki yana cire tabo da shi cikin sauri, malamin lissafi da ke koyarwa ta intanet yana warware tambaya ɗalibai na kallon hannunsa, mai tsara aikin hula ko na wuyan riga yana gwada fasali goma kafin a taɓa zare, mai rubutun Larabci ko ajami yana samun kauri da sirantar harafi idan ya zaɓi burushi mai yankakken baki.

Tsinin alƙalamin roba ne, yana cinyewa. In ya yi kaifi a gefe ɗaya ka canza shi kafin ya karce allon. Galibi akwai na canji a cikin kwali ko a cikin matsugunin alƙalamin. Kada ka soke alƙalamin a kofi da tsininsa ƙasa, kada kuma ya riƙa faɗuwa, domin abin da ke cikinsa ba ya son buguwa, kuma galibi na wani kamfani ba ya aiki a allon wani. Mai sayen na hannu ya tabbatar alƙalamin na asali ne, ya duba ko kamfanin yana fitar da direban wannan samfurin har yanzu, ya girgiza bakin igiyar ya ga ko tana yankewa. Sannan ya ɗora rula a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ja layi a hankali yana kallon fuskar kwamfuta: idan layin yana lanƙwashe-lanƙwashe alhali rular a miƙe take, allon ne ke da matsala. Idan mai kayan ya ƙi a jona a gwada, a bar masa abinsa.