Janareta Marar Ƙara a Tsakiyar Teku

A Turai da Amurka akwai masu ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa, waɗanda kan kwashi iyali su yi kwanaki a teku. Da zarar jirgi ya bar gaɓa, to an rabu da layin wuta. Amma firji na buƙatar lantarki, haka fitilu da na'urar nuna hanya da rediyon kiran agaji. Dukkansu a kan batir suke, batir kuwa ƙarewa yake yi.

An saba tayar da injin jirgi ko janaretan dizal don a cika batir. Kun dai san halin janareta: ƙara, girgiza, hayaƙi. Hayaƙin ne abin tsoro, domin yana ɗauke da kabon monoksaid, iska marar launi marar wari da kan kashe mutum yana barci, ga ɗakin kwanan jirgi ɗan ƙarami ne. Faifan sola na taimakawa, sai dai ba ya aiki da dare.

Shi ya sa wasu suka koma ga na'urar da ake kira fiyul-sel. Ku tuna gwajin ajin kimiyya da ake tura lantarki cikin ruwa, ya rabu zuwa haidirojin da oksijin. Fiyul-sel juya wannan aiki take yi: tana haɗa haidirojin da oksijin, sai a samu lantarki da ruwa da ɗan zafi, ba tare da an ƙona komai ba. Sirrin yana cikin wani siririn tantani da ke tsakiyarta. Yana barin furoton ɗin haidirojin su wuce, amma yana tare elektaron, dole su zagaya ta waya. Wannan zagayen shi ne lantarkin. William Grove na Birtaniya ya nuna dabarar tun 1839, kuma da ita kumbon Apollo ya samu wuta a hanyar zuwa wata, har 'yan sama jannati suka sha ruwan da ta fitar.

Ajiye haidirojin a ƙaramin jirgi da wuya, don haka irin wadda aka fi gani tana aiki da sinadarin metanol. Kamfanin SFC Energy na Jamus yana ƙera EFOY, wadda mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Idan batir ya yi ƙasa takan kunna kanta, idan ya cika ta mutu. Lita 10 na metanol kan ba da kimanin kilowat-awa 11.

Kada dai a zuzuta ta. Ƙananan samfuranta wat 40 zuwa 75 kawai suke bayarwa, ba su isa su ɗauki dutsen guga ba. Aikinsu ciyar da batir sannu a hankali, dare da rana. Suna da tsada, domin a cikinsu akwai filatinom. Suna fitar da ɗan kabon dayoksaid, shi kuma metanol guba ne da kan makantar da wanda ya sha.

Jirgin Faransa mai suna Energy Observer, wanda ya tashi daga Saint-Malo a 2017, bai ma damu da metanol ba. Yakan tace gishirin ruwan teku, ya raba ruwan da lantarkin sola, ya adana haidirojin a tankuna. Idan rana ta faɗi kuma batir ya yi rauni, sai fiyul-sel ta mayar da haidirojin ɗin lantarki.