Koyar da Turanci a Ƙasar Waje: Yadda Za Ka Gane Mai Ɗaukar Aiki Na Gaskiya

Idan kana zaune a Mairi, unguwar da ke jingine da Jami'ar Maiduguri a kan hanyar Bama, da wuya irin wannan saƙon bai taɓa shigo maka ta WhatsApp ba: ana neman malaman Turanci a ƙasar waje, albashi da dala, gida kyauta, a yi maza kafin a rufe. Ka gama digiri, ka gama bautar ƙasa, ga shi makarantar kuɗin da kake koyarwa albashinta ba ya kai ka ƙarshen wata. Dole zuciya ta raya maka. Kafin ka tura wa kowa hoton fasfonka, ga abin da ya kamata ka sani, ko ɗan'uwa ne kai ko 'yar'uwa.

Shin aikin ma akwai shi kuwa?

Akwai. Maƙwabtan Borno uku, wato Nijar da Chadi da arewacin Kamaru, da Faransanci aka fi yin boko, kuma Turanci darasi ne a makarantunsu na sakandare. Makarantu masu zaman kansu da cibiyoyin koyon harshe a birane irin su Njamena, Marwa, Damagaram, Maraɗi da Yamai suna buƙatar masu koyar da shi. Haka ma ƙasashen Larabawa da na Asiya.

Gwamnatin Najeriya ma tana da nata shirin. Tun 1987 aka kafa hukumar TAC, wadda ke tura ƙwararru, har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik na tsawon shekara biyu. Sai dai masu gogewa ta fi ɗauka, don haka sabon malami ya ajiye ta a ransa zuwa gaba.

Kowace ƙasa ce za ta karɓe ni?

A'a, kuma nan ne wurin farko da za ka kama maƙaryaci. Bizar da Koriya ta Kudu ke bai wa malaman Turanci an gina ta ne a kan jerin ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki. Duk wanda ya ce zai kai ka can ka koyar da Turanci da fasfon Najeriya, tambaye shi da wace irin biza.

A ƙasar Sin kuma, bizar aiki ita ce wadda ake kira Z. Koyarwa da bizar yawon buɗe ido ko ta kasuwanci laifi ne, ana iya cin tara, a tsare mutum, a koro shi gida. Tun Yulin 2021 ma gwamnatin Sin ta taƙaita cibiyoyin darasin bayan makaranta masu neman riba, waɗanda a da su ne manyan masu ɗaukar baƙin malamai. Idan ejan ya ce maka "ka shiga tukuna, a can za a canza maka biza", to ka sani kai za a kama, shi yana gidansa yana barci.

Wa ya kamata ya biya wa?

Makaranta ce za ta biya ka. Kai ba za ka biya ta don ta ɗauke ka ba. Idan kuma ta bi ta hannun kamfanin samar da ma'aikata, ita ce ke da buƙata, ita ya dace ta sallame shi. A Saudiyya, misali, dokar ƙwadago ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama, wato katin izinin zama, a wuyan mai ɗaukar aikin.

'Yan damfara ba sa neman kuɗi mai yawa a karon farko. Kuɗin fom ne yau, gobe na inshora, jibi na "riƙe maka gurbi". Da ka biya na farko da na biyu, sai ka ji ba za ka iya haƙura ka yi asararsu ba, ka ci gaba da zubawa. Duba asusun da aka ce ka tura kuɗin: idan sunan wani mutum ne ba sunan kamfani ba, magana ta ƙare.

Akwai kuɗaɗen da dole kai za ka kashe, amma ga hukuma kai tsaye, kuma da rasit: fasfo a hukumar shige da fice, takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda, katin rigakafin shawara, sai tantance takardun karatunka a Ma'aikatar Ilimi da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, kafin ofishin jakadancin ƙasar da za ka ya buga nasa hatimin.

Yaya zan tabbatar makarantar tana nan?

Kada ka yi bincike da lambar wayar da mai tallar ya ba ka, domin abokinsa ne zai ɗauka. Nemo makarantar da kanka a intanet, ka samo wata lamba ko adireshin imel daban, ka tambaya ko da gaske suna ɗaukar malamai, ko sun san wannan mutumin. Sau da yawa makarantar gaskiya ce, sunanta kawai aka ara. Lura da imel ɗin da ake turo maka: babbar makaranta da ke aiko da takardar ɗaukar aiki ta Gmail, ba tare da an yi maka ko tambaya ɗaya ba, abin a tsaya ne. Makarantar kirki za ta gana da kai ta bidiyo, wataƙila ma ta ce ka koyar da darasi na minti goma a gani.

Sannan ka nemi a haɗa ka da malami ɗaya da ke aiki a wurin, in da hali har da wanda ya bari. Na biyun ya fi faɗin gaskiya. Tambaye shi kai tsaye: ranar nawa ga wata albashi ke shiga? An taɓa riƙe muku? Ɗalibai nawa ne a aji? Gidan da aka ce kyauta ne, mutum nawa ne a ɗaki? Shugaban makarantar da ya ƙi haɗa ka da ko mutum ɗaya ya riga ya ba ka amsa.

A nan ne ɗan Maiduguri ya fi wasu sa'a. Idan aikin a Njamena ne ko Marwa ko Difa, da wuya ka rasa ɗan kasuwa ko direba ko ɗan'uwa mai zirga-zirga can. Roƙe shi ya je ya ga ginin da idonsa, ya ga yara suna shiga da safe. Gani ya kori ji. A ganina ma sabon malami ya fi samun kwanciyar hankali idan ya fara da inda danginsa za su iya kai masa ɗauki, ko da albashin bai kai na nesa ba.

Idan ejan ne a nan gida, tambaye shi lasisinsa. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke bai wa kamfanonin samar da aiki lasisi, kuma rajistar kamfani da hukumar CAC kaɗai ba ta ba shi izinin fitar da ma'aikata waje ba.

Me zan duba a kwantiragi?

Kwantiragi shi ne rubutacciyar yarjejeniya tsakaninka da makaranta, kuma tun kana gida ya kamata ka karɓe shi. A ga sunan aikin ƙarara: malamin Turanci. A ga albashi da irin kuɗin da za a biya ka. Sefar Nijar daban take da ta Chadi da Kamaru, duk da cewa darajarsu ɗaya, kowacce an ɗaure ta da Yuro a kan sefa 655.957 ga Yuro ɗaya. A rubuta awannin koyarwa a mako, biyan watannin hutu, wanda zai ɗauki kuɗin jirgi da na asibiti, da abin da zai faru idan kana so ka bar aikin. Idan da Faransanci ko Larabci aka rubuta, kai wa wanda ka amince da shi ya karanta maka. A jami'ar da ke kusa da kai ba za a rasa masu jin harsunan nan biyu ba.

Kada ka manta, shiga ƙasa daban, izinin aiki daban. Ko inda ɗan Najeriya ke shiga ba biza, aiki yana buƙatar tasa takardar.

Sai na yi wani kwas tukuna?

Wurare da yawa suna neman takardar TEFL, wato shaidar horo kan koyar da Turanci ga wanda ba harshensa ba ne, galibi ta awa 120. Wadda ta fi suna ita ce CELTA ta Kambirij, mai ɗauke da koyarwa ta zahiri a gaban masu duba ka. Yi hattara da mai cewa sai ka sayi kwas daga wurinsa kafin ya ba ka aiki. Rajistarka da TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, ita ma tana ƙara maka nauyi.

Idan aka faɗa hannun mugu fa?

Asarar kuɗi ce mafi sauƙi. A farkon 2020 bidiyon wata matashiya 'yar Najeriya ya karaɗe ƙasar nan: an yi mata alƙawarin koyar da Turanci a Labanon, ta tsinci kanta a aikatau, sai da hukumomi suka sa baki aka dawo da ita. A Agustan 2023 kuma ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 120,000 a Miyanma da kusan 100,000 a Kambodiya na iya kasancewa a tsare ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Da tallan aiki aka ja da yawansu, kuma masu jin harsunan waje suna cikin waɗanda ake farauta.

Saboda haka fasfonka ya zauna a hannunka. Ka bar kwafinsa da na kwantiragi a gida wurin iyaye ko maigida, ka riƙe kuɗin dawowa a gefe, ka sanar da ofishin jakadancin Najeriya da zarar ka sauka. Hukumar NiDCOM tana sauraron koken 'yan Najeriya mazauna waje. NAPTIP kuwa, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane, tana da ofishi a nan Maiduguri. Ba sai an cuce ka za ka je ba. Idan tayin da aka yi maka ya sa ka kokwanto, ɗauki takardun ka kai musu su duba tun ba ka biya ko kwabo ba.