Wai Daji Ba Ya Son Ƙarfe? Ku Bari A Yi Wa Mata Gwajin Nama

Na gaji da jin wannan magana a gidajen suna da wuraren ta'aziyya, yanzu kuma har a WhatsApp: wai daji ba ya son ƙarfe. Mace za ta ji ƙullutu a nono, ta daure ta je asibiti, likita ya ce a sa allura a ɗebo ɗan nama a duba. Da ta koma gida sai a yi mata caa. Gwaggo ta ce kul, uwar miji ta ce ai wance ma haka aka yi mata, ko wata uku ba ta ƙara ba. Sai a ninke takardar a tura ƙarƙashin katifa, a koma ga saiwoyi da shafe-shafe. Bayan shekara guda a dawo da ita ranga-ranga, nonon ya fashe yana wari.

Da mutane sun san abin da ake nema a cikin ɗan naman nan, da tsoron ya ragu. Jikinmu ginin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Ban da jajayen ƙwayoyin jini, kusan kowace tana da cibiya, inda ake adana DNA, zaren da ke ɗauke da umarnin gado. Idan aka warware na ƙwaya ɗaya zai kai kusan mita 2, amma an nannaɗe shi a wurin da faɗinsa bai wuce kashi 1 cikin 100 na milimita ba. Cibiyar lafiyayyar ƙwaya sumul take. Ta ƙwayar daji kuwa takan kumbura, ta lotsa, gefenta ya yamutse, ta kuma sha rini fiye da kima idan an rina ta don dubawa. Tun 1860 Lionel Beale, wani likita a Landan, ya lura da haka a majinar mai dajin maƙogwaro. A 1928 George Papanikolaou ya nuna a Amurka cewa ana iya gano dajin bakin mahaifa ta wannan hanya, kuma gwajinsa ake yi wa mata har yau.

Me ke lalata cibiyar? Nan ne masana suka koma kan furotin, domin DNA umarni ne kawai, furotin ke aiwatarwa. Akwai wasu da ake kira lamin, waɗanda ke saƙe a bangon cibiya ta ciki suna riƙe ta, kamar yadda tsaiko ke riƙe jinka. A cututtukan daji da dama yawansu yakan canza, kuma bincike ya nuna cewa idan lamin A ya ragu cibiya takan yi taushi, ƙwayar ta fi samun sauƙin kurɗawa ta matsattsen wuri. Akwai kuma p53, wanda aka gano a 1979. Aikinsa shi ne tsayar da ƙwayar da DNA ɗinta ya lalace, ko dai a gyara, ko ta mutu. A kusan rabin cututtukan dajin ɗan'adam ana samun sa a gurgunce. Yanzu akwai na'urorin da ke tantance dubban furotin lokaci guda daga ɗan guntun nama, ana kwatanta na mai lafiya da na mai ciwo. Masana na ci gaba da muhawara a kan ko lalacewar siffar cibiya ce ke tura ciwon gaba, ko kuwa alamarsa ce kawai.

Abin da ba a muhawara a kai shi ne, ɓarnar daga cikin ƙwaya take farawa, sau da yawa shekaru kafin a ji ƙullutu. Ƙwayar da p53 ɗinta ya lalace za ta ci gaba da hayayyafa, ko an taɓa ta da allura ko ba a taɓa ba. To me ya sa wance ta rasu bayan an yi mata? Ku tambayi tsawon lokacin da ta yi tana ɓoye ciwon kafin ta je. Sau da yawa sai daji ya kai huhu ko hanta ko ƙashi ake zuwa asibiti, gwajin ya faɗi gaskiyar da aka daɗe ana gudu, ajali ya zo, a ɗora wa allura laifi. Likitoci ba sa musun cewa ƙwayar daji tana iya bin sawun allura, amma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, haɗarinsa kuma bai kama ƙafar haɗarin zama cikin duhu ba. Abin haushin ma, masu hana allurar likita su ne ke kai yarinya a yi mata sakiya ko tsaga da askar da ba a dafa ba. Wannan ba ƙarfe ba ne?

Sannan dajin nono ba iri ɗaya ba ne. Wani yana da furotin a cibiyarsa mai karɓar sinadarin mata na estrojin, wanda likitoci ke rubutawa ER. Irin wannan yakan ji ƙwayar tamoxifen, da ake sha a gida. Wani yana da HER2 da yawa a fatar ƙwayar, kuma akwai maganinsa, trastuzumab, tun 1998, ko da yake yana da tsada. Furotin Ki-67, da aka gano a Kiel ta Jamus a 1983, yana nuna saurin hayayyafar ciwon. Hoto ba ya nuna waɗannan, hannu ma ba ya jin su. Sai an yanka naman siriri, an rina, an sa a madubin likita. Wanda ya hana gwajin ya tilasta wa likita yin lalube.

 

'Yar'uwa, idan kin ji ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, kada ki jira ya yi zafi, domin daji a farkonsa sau da yawa ba ya ciwo. Yawancin ƙullutun nono ma ba daji ba ne, gwajin ne zai kwantar miki da hankali. Idan an cire miki wani abu a ko wane asibiti, kada a zubar, kada dangi su karɓa su binne. A sa shi nan take cikin ruwan fomalin, a kai ɗakin gwaji. Asibitocin koyarwa na Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen duba nama. Sakamako yakan ɗauki kwanaki ko makonni. Ki koma ki karɓa, ki adana takardar, ki tambayi likita ko an duba ER da HER2. Ki ci gaba da addu'a da roƙon Allah, ba su hana zuwa asibiti.

Ku kuma maza, sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunku suke. Idan likita ya rubuta gwajin nama, ku kai ta a makon nan, kada ku jira sai bayan girbi.