Zuman galla ba jabu ba ne

Tun da aka fara kukan zuman jabu, irin wanda ake dafa sukari a ɗura a kwalba, masu saye a Dakoro da kewaye kowa ya zama gwanin bincike. Wani ya ɗiga a ruwa, wani ya shafa a tsinken ashana ya ƙyasta. Hukuncin dai ɗaya ne: in zuma ya yi ruwa-ruwa ko tsami-tsami, an yi masa algus. Da wannan ma'auni ake zaluntar zuman galla.

Galla, wadda wasu ke kira rakuwa, 'yar mitsitsiyar ƙudan zuma ce marar harbi, wadda ke damun mutum a gefen ido lokacin zafi tana neman gumi. A kogon itace ko tsagar katanga take zama. Ba ta yin saƙa. Ƙananan tukwane take ginawa da kaki da ƙaro ta ɗura zumanta, a ciki yake ɗan yin tsami. Ƙa'idar abinci ta duniya, Codex, ta ce kada ruwan da ke cikin zuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari, amma da zuman amya aka yi wannan awo. Na galla yakan kai kashi 30, haka Allah ya yi shi. Wanda ya kira shi jabu kamar wanda ya ce nonon raƙumi gauraye ne don ya kaɗa bai ga mai ba.

Wasu ƙasashe sun gane haka. Malesiya ta kafa wa irin wannan zuma ƙa'idarsa daban a 2017. A 2020 masu bincike na jami'ar Queensland ta Ostareliya suka gano wani nau'in sukari a cikinsa, trehalulose, wanda ba ya saurin shiga jini. A Kenya kuwa cibiyar icipe ta koya wa manoman gefen dajin Kakamega kiwon waɗannan ƙudaje a ƙananan akwatuna.

Mu fa? Gatari muke ɗauka. A fasa aduwa ko magarya mai shekaru don zuman da bai cika kofin shayi ba, a bar uwar gidan da 'ya'yanta ga tururuwa. Hasara biyu ke nan, don galla na cikin masu kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, har itatuwa da kayan lambu su yi 'ya'ya. A ƙasar da ke bakin kwarin Tarka, inda noma ke ƙarewa kiwo ya fara, itace ɗaya ba abin wasa ba ne.

Jihar Maradi ce ta koya wa duniya sassaben zamani tun 1983, manomi ya bar tohon kututture ya girma a gonarsa. Ma'aikatan gandun daji sun iya cin tarar mai sare itace. Da za su haɗa da nuna wa mutane yadda ake mayar da gidan galla cikin akwati, da mai gatarin nan ya samu zuman da zai riƙa ɗiba kowace shekara.