Ƙurar dutsen zinariya

Tun da zinariya ta bayyana a Jado cikin 2014, samarin karkara da yawa suka yi arewa neman arziki. Masu dakan dutse wuni suke cikin ƙura. Ita ko ƙurar nan tari bai fidda ta. Maƙalewa take cikin huhu, tana sandarar da shi sannu sannu. Mutum ya komo gida garas, sai bayan shekaru noman hantsi ya gagare shi don haki.

Shi ya sa lokotoro ke son wanda ya yi aikin ya zo a ɗauki hoton ƙirjinsa, a auna kakinsa. Huhun da ƙura ta ci bai komawa daidai, kuma tarin huka ya fi saurin kama shi. Amma shi tarin huka yana warkewa da maganin wata 6.